Girgizar ƙasa a Mpape: Irin harsashin da ya dace da gida a kan tudu da dutse

Harsashi, wanda magina suka fi sani da fandisho, shi ne ɓangaren ginin da ke binne a ƙasa, wanda ke karɓar nauyin bango da rufi da duk abin da ke cikin gida, ya sauke shi a kan ƙasa. A yawancin garuruwan Najeriya, mai gini ba ya tambayar komai game da shi illa zurfinsa da yawan buhunan simintin da zai ci.

A Mpape, unguwar da ke kan tuddai daura da Maitama a Babban Birnin Tarayya, tambayar ta ƙaru tun daga watan Satumban 2018, lokacin da ƙasa ta yi ta motsi kwana uku a jere, har mazauna da dama suka fice daga gidajensu cikin firgici. Lamarin ya sake aukuwa a Satumban 2024. Duk wanda zai kafa gida a wannan yanki yanzu yana buƙatar harsashin da zai ɗauki nauyi, ya jure ruwan damina, ya kuma riƙe gida idan ƙasa ta jijjiga.

Abin da ya faru a 2018 da 2024

Tsakanin Laraba 5 da Juma'a 7 ga Satumba, 2018, an ji ƙasa na rawa a Mpape da wasu sassan Maitama. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Seidu Mohammed, shugaban Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wato NASRDA, a wancan lokaci. Kwamitin ya ce ƙarfin girgizar ya kai kimanin maki 3, kuma ta taso ne daga zurfin kilomita 10 zuwa 15. Ya kuma ja hankali kan rijiyoyin burtsatse kusan 110,000 da ke zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa a Abuja. Hukumar birnin, ƙarƙashin minista Muhammad Musa Bello, ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyoyin burtsatse a yankin na wani lokaci.

Bayan shekara shida, tashar sa ido ta Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, NGSA, da ke Katampe ta naɗi motsi sama da 40 daga ranar 13 ga Satumba, 2024 zuwa kwanakin da suka biyo baya. Wanda aka fi ji shi ne na daren Litinin 16 ga wata, mai maki 3.1. Hukumar ta danganta lamarin da matsin da ke taruwa a tsagogin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ta kuma ce ƙarfinsa bai kai na barazana ga rayuka ba.

Mpape ba ita kaɗai ba ce. An ji irin wannan motsi a Ijebu-Ode cikin 1984, da Kwoi ta Jihar Kaduna da Saki ta Jihar Oyo cikin 2016. Najeriya na nesa da iyakokin manyan faifan ƙasa inda ake samun girgiza mai kisa, kamar Indonesiya da Turkiyya, amma Afirka ta Yamma ta taɓa ganin mai tsanani: ta Accra a 1939, da ta ƙasar Gini Konakri a Disamban 1983, wadda ta haura maki 6 ta kuma hallaka ɗaruruwan mutane.

Abin da girgiza ke yi wa gida

Ma'aunin girgizar ƙasa ba ya hawa ɗaya bayan ɗaya kamar awon hatsi. Ƙarin maki guda na nufin ƙarfin da ya fita ya ninka kusan sau 32. Don haka girgiza mai maki 7 ta fi ta Mpape ƙarfi da kusan sau miliyan ɗaya. Mai maki 3 kan kaɗa tagogi, ta motsa kwanuka, ta tada mai barci, amma ba ta rusa ginin da aka yi bisa ƙa'ida. Abin da take yi shi ne tona asirin raunin da ke ɓoye: tsagar da ta fara sai ta buɗe, cikon da bai zauna ba sai ya sauka, katangar da ruwa ya ci gindinta sai ta karkata.

Akwai kuma jijjigar nakiyar masu fasa dutse, wadda mazauna Mpape suka saba da ita shekaru da yawa, domin daga wannan yanki aka ɗebi tsakuwar da aka gina sassa da dama na Abuja da ita. Nakiya na tashi ne a kusa da doron ƙasa, girgizar kuwa daga kilomitoci a ƙarƙashi take tasowa, amma ga bangon gida duka biyun abu ɗaya suke yi, wato tura shi gefe da gefe. Gini kuwa an saba tsara shi ne don ya ɗauki nauyin da ke danna shi ƙasa. Turin gefe shi ne wanda magina ba su cika lissafawa ba.

Darasin ya fito fili a 2010. A watan Janairu girgiza mai maki 7 ta auka wa Haiti, ƙasar da ke kan tsibiri mai zafi da ruwan sama, inda talakawa suka gina gidajen bulo marasa ƙwari a kan gangaren tsaunuka. Sama da mutum 100,000 suka mutu. Bayan mako shida wata mai maki 8.8 ta auka wa Chile, wadda ke da dokokin gini masu tsauri, mutanen da suka mutu kuwa ba su wuce ɗari biyar da 'yan kai ba. Nisan cibiyar girgizar daga birane ya taimaka, amma ingancin gini ya taka babbar rawa wajen wannan bambanci.

Ƙasa iri huɗu a unguwa ɗaya

Mpape na zaune a kan tsofaffin duwatsu masu tauri da suka shimfiɗu a ƙarƙashin yawancin Arewa ta Tsakiya. Sai dai abin da ke saman dutsen ya bambanta daga fili zuwa fili, wani lokaci ma a cikin fili guda. Zaɓen harsashi daga nan yake farawa.

Na farko shi ne falalen dutse. Babu abin da ya fi shi ɗaukar nauyi, kuma ba ya ƙara wa girgiza ƙarfi. Matsalarsa santsi da gangare: kankaren da aka zuba a kan dutse mai sulɓi ba tare da an kafe shi ba zai iya zamewa, musamman da yake ruwan sama na bin fuskar dutsen ya shiga tsakaninsa da ginin. Ana kuma yawan ruɗuwa da ƙaton dutsen da ke binne shi kaɗai a cikin ƙasa, a ɗauka uwar dutse ce, alhali yana iya juyawa idan ruwa ya kwashe ƙasar da ke tallafe da shi.

Na biyu jar ƙasa da marmara, waɗanda suka samu daga ruɓewar dutsen a tsawon zamani. Suna da ƙarfi matuƙar suna bushe kuma ba a taɓa tone su ba. Idan ruwa ya jiƙa su sosai, wasunsu kan yi laushi.

Na uku ciko. Saboda ƙarancin fili mai lebur, ana yanke gefen tudu a tura ƙasar gaba a baje, ko a cike tsohon ramin haƙa da ɓaraguzan dutse, ko a rufe bola da jar ƙasa a sayar a matsayin fili. Ciko yana ci gaba da sauka shekaru bayan an zuba shi, kuma girgiza na hanzarta saukar.

Na huɗu ƙasar kwari da bakin rafi, inda yashi da laka suka taru, ruwa kuma yake kusa. Irin wannan ƙasa mai laushi tana ninka jijjiga, kamar yadda aka gani a birnin Meksiko a 1985, inda unguwannin da aka gina a kan busasshen tafki suka fi ko'ina ɓarna. A girgiza mai tsanani, yashin da ya sha ruwa kan narke ya koma kamar kunu. Haka ya faru a Palu da ke tsibirin Sulawesi na Indonesiya ranar 28 ga Satumba, 2018, mako uku bayan motsin Mpape, inda ƙasa ta haɗiye unguwanni da gidajensu. Girgiza mai maki 3 ba ta haifar da haka, amma ƙasar kwari na da isassun matsalolinta ko da ba girgiza.

Mafi haɗari a cikinsu duka shi ne filin da ya haɗa biyu: bayan gida a kan dutse, gabansa a kan ciko. Ɓangaren dutse ba ya motsi, na ciko yana nutsewa a hankali, sai gidan ya tsage a daidai mahaɗarsu. Filayen da aka yanka a gefen tudu kusan duk haka suke.

Gwajin ƙasa

Kafin a zana harsashi ana buƙatar sanin abin da ke ƙarƙashi. Ga gida mara bene, injiniya kan sa a tona ramukan gwaji a kusurwoyin filin da tsakiyarsa, masu zurfin mita ɗaya da rabi zuwa uku, ya duba jerin ƙasar, ya ga inda ciko ya ƙare da inda ƙasar asali ta fara. Ledoji da gawayi da fasassun kwalabe a cikin rami shaida ce ta bola. Ga gidan bene, ana kawo masu gwajin ƙasa su huda da na'ura, su auna taurin kowane mataki, su kai samfur ɗakin bincike, su ba da rahoton nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka.

Lokacin da ya fi dacewa a duba fili shi ne Agusta zuwa Satumba, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi da ruwa. Filin da ya yi kyau a watan Maris zai iya zama hanyar ruwa da damina. Bangayen maƙwabta ma littafi ne ga mai lura: idan gidaje uku a jere sun tsage ta fuska ɗaya, matsalar ta ƙasar ce, kuma sabon gida ba zai tsira ba sai an yi masa wani tanadi.

Nau'o'in harsashi

Harsashin layi shi ne wanda kowa ya sani: a tona rami a bi layin bango, a zuba kankare, a ɗora bulo. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce faɗin kankaren ya ninka kaurin bango sau uku, wato milimita 675 ga bulo mai inci tara, kaurinsa kuma ya kama daga milimita 150 zuwa 225. Zurfi ba shi da adadi guda. Ana tonawa ne har a wuce baƙar ƙasar sama da ciko a taras da ƙasa mai tauri, wanda sau da yawa kan kai mita ɗaya ko fiye. Ya wadatar ga gida mara bene a kan jar ƙasa ko marmara. A yankin da ƙasa ke motsi, ya fi kyau a sa masa rodi a tsawonsa, a kuma tabbatar layukan sun haɗu sun rufe kamar zobe, babu inda aka yanke ko da a bakin ƙofa. Bulon da ke cikin ƙasa a cika ramukansa da kankare.

Harsashi mai matakala ɗan'uwan na layi ne da ake yi a gangare. Maimakon ramin ya bi karkatar tudu, sai a yanka shi hawa-hawa, kowane mataki a kwance lebur. Tsayin mataki ya yi daidai da tsayin bulo ɗaya ko biyu, kankaren sama kuma ya hau kan na ƙasa da tazarar da ba ta gaza milimita 300 ba. Harsashin da aka zuba a karkace yana neman zamewa tun ranar da aka gama shi. A kan falalen dutse ma haka ake yi: a share, a sassaƙe fuskar ta yi kaushi da matakai, a huda ramuka a dasa guntayen rodi da siminti, sannan a zuba kankare ya kama su.

Harsashin gindin fila shi ne na gidajen bene, inda nauyi ke sauka ta ginshiƙai. Kowane ginshiƙi na tsaye a kan faffaɗan dandamalin kankare mai ragar rodi. Girman dandamalin lissafin injiniya ne, bisa nauyin gini da ƙarfin ƙasa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne barin kowane gindi ya tsaya shi kaɗai. Idan ƙasa ta jijjiga, kowanne sai ya yi nasa wuri. Maganin shi ne bim ɗin ƙasa da zai ɗaure su duka ta tsaye da ta kwance. A gangare kuma a guji ginshiƙai masu tsayi daban-daban a ƙarƙashin gida, domin gajeren ya fi dogon tauri, shi yake karɓar yawancin turin gefe, shi ne kuma yake fara karyewa.

Harsashin tabarma, wanda magina ke kira raf, shimfiɗar kankare ce guda ɗaya mai rodi sama da ƙasa, da bim a gefuna da ƙarƙashin bangaye, wadda ta mamaye duk faɗin gidan. Tana rarraba nauyi a wuri mai faɗi, kuma idan ƙasa ta sauka gidan kan sauka gaba ɗaya maimakon ya tsage. Ita ta fi dacewa da ƙasa mai laushi, da wurin da ruwa ke kusa, da cikon da aka daddage shi hawa-hawa da inji. Tana cin rodi da siminti fiye da na layi. Kada a rikita ta da daɓen da ake kira jamin fulo, wanda shimfiɗar ƙasan ɗaki ce kawai, ba a yi ta don ɗaukar bango ba. Tabarma kuma ba ta gyara bola mai zurfi, ba ta kuma hana gidan da rabinsa ke kan dutse karkata.

Harsashin turaku shi ne na ƙarshe kuma mafi tsada. Ana huda ramuka masu zurfi har a kai ga dutse ko ƙasa mai tauri, a zura kejin rodi, a cika da kankare, sannan a ɗaure kawunan turakun da bim. Shi ake komawa gare shi idan cikon ya yi zurfin da ba a iya kwashe shi, ko ginin ya yi nauyi a ƙasar kwari. Ga mai ƙaramin gida, idan gwaji ya nuna sai da turaku, sau da yawa sauya fili ya fi sauƙi.

A filin da ya haɗa dutse da ciko, hanya uku ce: a sauke duk harsashin ya taka ƙasar asali ko dutse ta hanyar matakala ko gajerun turaku, ko a ja gidan baya ya zauna kacokan a ɓangaren da aka yanka, ko a raba ginin gida biyu da tazara a tsakani, kowane ɓangare da harsashinsa.

Ɗaure gida ya zama jiki ɗaya

Harsashi mai kyau ba ya ceton gidan da bangonsa ke zaune a kai kamar an ajiye shi. Rodin ginshiƙai ya taso daga cikin kankaren harsashi, da lanƙwasasshiyar ƙafa, ya bi kusurwoyi da mahaɗar bangaye har sama. A yi ɗamarar kankare mai rodi a matakin difisi, a sake yin wata a matakin linta wadda za ta zagaye gidan duka, maimakon guntayen da ake ɗorawa a kan ƙofa da taga kawai. Zobban da ke riƙe rodi a matso da su kusa da juna a wajen mahaɗa, kimanin milimita 100, a lanƙwasa bakinsu ya shige ciki sosai don kada su buɗe.

A Chile da Meksiko da Indonesiya an daɗe ana amfani da wata dabara mai sauƙi: a fara gina bango a bar gefensa da haƙora, sannan a zuba kankaren ginshiƙi ya shiga tsakanin haƙoran ya kama bulon. Gidajen da aka yi haka sun nuna juriya a manyan girgizoji, kuma kayan aikinsu su ne dai bulo da rodi da siminti da birkilolin Najeriya suka saba da su.

Siffar gida ma na da tasiri. Mai kusurwa huɗu ya fi mai lunguna da yawa jure jijjiga. Rufin kwano mara nauyi ya fi dakin sauƙi ga bango. Benen da aka mayar da ƙasansa shaguna, gaba duk ƙofofi babu bango, yana da rauni a daidai inda nauyi ya fi yawa. Tankin ruwan da aka ɗora a sama kuwa, mai lita 1,000 tan guda ne, don haka sai an lissafa shi tun farko.

Ruwa

Abuja na samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara, yawancinsa tsakanin Afrilu da Oktoba, kuma a Mpape ruwan da gudu yake gangarowa. Girgiza kan zo bayan shekaru, damina kuwa kowace shekara tana nan, kuma ita ce ke cin gindin gidaje.

Ana tare ruwan tudu da magudana a bayan gida a karkatar da shi. A yi daɓen kankare mai faɗin kusan mita ɗaya a kewayen bango, ya karkata waje. Ruwan rufi a kai shi kwata ta indararo. Ramin masai da sokawe su kasance a ɓangaren gangare, da tazarar mitoci daga harsashi. Ƙarƙashin daɓen ɗaki a shimfiɗa leda mai kauri don hana danshi tasowa, a kuma yi feshin maganin gara kafin a rufe.

Katangar da ke tare ƙasar tudu aikin injiniya ce. Jerin bulo mai inci tara ba zai riƙe ƙasa mai tsayin mita biyu da ta sha ruwa ba. Tana buƙatar rodi, da faffaɗan gindi, da tsakuwa a bayanta, da ƙananan bututu da ruwa zai riƙa fita. Wasu ƙa'idojin gini na duniya sun tanadi a ja gida baya daga bakin gangare da kimanin kashi ɗaya cikin uku na tsayin gangaren. Wanda zai yi gini a gindin tudu kuma ya duba abin da ke samansa, domin dutsen da ke reto a kan gangare ƙaramar jijjiga ta ishe shi.

Kayan aiki

Haɗin kankare mai rodi da aka saba shi ne ɗaya, biyu, huɗu: buhun siminti mai kilo 50, wanda ya yi daidai da kwanon sarki biyu, sai yashi kwano huɗu da tsakuwa kwano takwas. Yashin ya zama mai kaifi, marar laka. Ana gane shi ta zuba shi a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye. Idan laka mai kauri ta kwanta a sama, bai dace ba. Yawan ruwa a kwaɓi yana sauƙaƙa wa lebura aiki, amma yana rage ƙarfin kankare. Bayan zubi a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai. Cikakken ƙarfinsa a kwana 28 ake auna shi.

Rodi kada ya taɓa ƙasa. Ana fara shimfiɗa siririn kankare a ramin, sannan a ɗaga rodin da 'yan guntayen siminti da ake kira biskit, ta yadda kankare mai kaurin milimita 50 zai lulluɓe shi. Rodin da danshi ya kai gare shi yana tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. A kuma auna kaurin rodin da aka sayo, domin akan samu wanda bai cika lambar da aka kira shi da ita ba. Bulon da ke marmashewa a hannu ba shi da wuri a harsashi.

Gidajen da aka riga aka gina

Yawancin mazauna Mpape 'yan haya ne a gidajen da ba su ga tonon harsashinsu ba, kuma akwai da yawa na bulon ƙasa da aka shafe da siminti. Siririyar tsaga a filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ake gudu ita ce mai bin layin bulo kamar matakala, ko mai tashi a karkace daga kusurwar taga, ko wadda ta ratsa bango ciki da waje, musamman idan ta kai milimita biyar. Ƙofar da ta fara ƙin rufuwa da daɓen da ya rabu da bango su ma alamu ne. Ana iya shafa ɗan siminti a kan tsagar a rubuta kwanan wata. Idan ya sake tsagewa, ginin na ci gaba da motsi, sai a nemi injiniya. Toshe tsaga da fenti ɓoye ciwo ne kawai.

Ana iya ƙarfafa tsohon harsashi ta hanyar tona ƙarƙashinsa gaɓa-gaɓa ana cikawa da kankare, amma aiki ne mai haɗari da ba a bar wa birkila shi kaɗai. Babban abin da za a guje wa shi ne ɗora bene a kan harsashin da aka yi don gida mara bene. Gine-gine da dama sun rufta a Najeriya ba tare da wata girgiza ba. Ko a Abuja, wani bene da ake ginawa a Jabi ya faɗi a watan Agustan 2018, makonni kaɗan kafin ƙasa ta motsa a Mpape.

Doka da takardu

Najeriya na da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006. A Babban Birnin Tarayya, Sashen Kula da Tsarin Gine-gine ne ke ba da izinin gini, kuma zanen harsashi da rodi aikin injiniya ne mai rajista da hukumar COREN. Cibiyar da ke Toro a Jihar Bauchi, ƙarƙashin NASRDA, da tashoshin NGSA su ne ke sa ido kan motsin ƙasa.

Sai dai matsalar Mpape ta haɗa da ta mallakar fili. Ƙauyen Gbagyi ne a Ƙaramar Hukumar Bwari wanda ya cika ya batse da ma'aikata da 'yan ci-rani da waɗanda rusau ya koro daga wasu unguwanni. A 2012 hukumar birnin ta sanar da shirin rushe shi, mazauna suka garzaya kotu, a Fabrairun 2017 kuma kotu ta yanke hukuncin da ya hana rusau ɗin. Wanda ba shi da tabbacin gidansa zai kai baɗi, da wuya ya binne kuɗi mai yawa a ƙasa. Wannan na cikin dalilan da suka sa harsashi ya zama wurin da aka fi yin tsimi a unguwar.

Amma tayil da silin da fenti ana iya jinkirta su shekaru, a yi su sannu a hankali yadda hali ya samu. Harsashi sau ɗaya ake zuba shi, kuma kuɗin gyaransa daga baya ya fi na gwajin ƙasa da ladan injiniya nesa ba kusa ba. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ke da fili a jar ƙasa mai tauri, harsashin layi mai rodi, da ɗamara biyu, da rufin kwano, da magudanar ruwa mai kyau sun wadatar. Wanda filinsa ke kan ciko, ko bakin gangare, ko cikin kwari, ko yake shirin bene, ya fara da gwajin ƙasa kafin ya sayi buhun siminti na farko.